Wa Zai Zama Kura?



Da hutun makarantar da ya wuce, 'ya'yan ƙanwata suka zo mana kwana biyu. Wata rana bayan la'asar aka ba su waya, suka dunƙule a kan tabarma, kai da kai, suna kallon katun ɗin nan na zaki, The Lion King. Turancin ba wani jinsa suke yi sosai ba, amma babu abin da ya wuce su. Da fim ya ƙare, caji ma ya ƙare, sai suka fito tsakar gida za su kwaikwayi abin da suka gani. Nan aka shiga rabon matsayi. Babbansu ya ce shi ne sarki. Mai bi masa ya ce shi ne ɗan sarki. Yarinyar ta ɗauki zakanya. Saura kura. Kowa ya noƙe. Can sai suka waiwaya gaba ɗaya, suka dubi wani almajiri ɗan shekara takwas ko tara da ke yi mana aike, wanda tun ɗazu yake tsaye a bayansu yana leƙen wayar, suka ce masa: "Kai ne kura."

Yaron bai yi musu ba. Ya ajiye robarsa, ya durƙusa da hannu da gwiwa, ya fara dariyar kura. Ni kuwa ina zaune a gefe, abin ya tsaya mini a rai. Babu wanda ya ce wa yaran nan ga wanda ya dace da kura. Fim ya nuna musu akwai na sama akwai na ƙasa, su kuma suka duba gidan da suke ciki suka gane wa ke ƙasa.

A kan wannan nake so mu tattauna yau.

Mu fara da abin da ya bambanta katun da sauran fina-finai. Idan darakta ya ɗauki ɗan wasa, da hancinsa ya same shi, da launin fatarsa, da tsawonsa. A katun kuwa, babu abin da aka tarar. Hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma duk abin da ke cikinsu wani ne ya zauna ya zana. Hancin mugu zaɓa aka yi. Girman idon jaruma zaɓa aka yi. Wanda za a ba suna da uwa da uba, da wanda za a bari cikin taron yuyuyu ba suna, duk a teburi aka yanke. Saboda haka idan ka ga siffa iri ɗaya tana ta dawowa a kan mutane iri ɗaya shekara da shekaru, kana da hurumin tambayar dalili.

Ku tuna yadda fim ɗin zakin nan ya buɗe, wanda kamfanin Disney ya fitar a 1994. Gari na wayewa, dabbobin dawa kaf suna tururuwa zuwa gindin wani dutse, giwa da raƙumin dawa da jakin dawa da barewa. Biri mai sanda ya ɗaga jaririn zaki sama, kowa ya faɗi ya yi gaisuwa. Barewa ta rusuna wa wanda zai girma ya cinye ta. Daga baya uban, Mufasa, ya zaunar da ɗansa a kan dutse yana nuna masa ƙasar, ya gaya masa duk inda hasken rana ya taɓa mulkinsu ne. Yaron ya tambayi wani wuri mai duhu da ya hango can gefe, uban ya ce wannan ya fita daga iyaka, kada ya kuskura ya je. To a can kuraye suke zaune, a maƙabartar giwaye, cikin ƙasusuwa da hayaƙi.

Fada ce sosai aka zana, irin wadda duk Bahaushe zai gane. Ga sarki, ga yarima, ga cilakowa Zazu a matsayin bafade mai kai rahoto, ga biri Rafiki a matsayin malamin fada, ga 'yan rakiya biyu masu ban dariya, Timon da gadu Pumbaa. Sannan ga waɗanda ko talakawa ba a lissafa su ciki ba. Mene ne laifin kurayen? In ka saurari abin da suke faɗa a fim ɗin, kukansu ɗaya ne: yunwa. An hana su shiga inda nama yake. Da ƙanin sarki, Scar, ya so ya yi juyin mulki, da cinyar jakin dawa ya saye su, ya yi musu alkawarin ba za su sake kwana da yunwa ba. Amma fim ɗin bai taɓa tsayawa ya tambayi wanda ya shata iyakar nan ba, ko dalilin da ya sa aka haifi wasu a haske wasu a duhu. Maimakon haka, da kuraye suka shigo ƙasar, sai ruwan sama ya ɗauke, ciyawa ta bushe, garken dabbobi suka yi hijira. Ranar da ɗan sarki ya dawo ya karɓi gadonsa aka kore su, ranar ruwa ya sauko. Wato har sararin samaniya an sa ya yi shaida cewa kowa ya tsaya inda aka haife shi. Akwai ma wurin da kurayen ke fareti sahu-sahu a gaban Scar, wanda masu zanen suka ɗauko fasalinsa daga wani fim ɗin farfagandar 'yan Nazi na 1935. Mayunwata ne, aka zana su da tafiyar sojojin Hitila.

Abin tausayi, ko a dajin gaske an yi wa kura ƙazafi. Wani masanin dabbobi, Hans Kruuk, ya shafe shekaru yana bin kuraye dare da rana a Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya, ya wallafa bincikensa a 1972. Ya gano kura mai ɗige-ɗige mafarauciya ce ta gaske, mafi yawan abin da take ci ita ta kashe, kuma a Ngorongoro sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da kuraye suka sha wahalar kamawa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Yanzu ku rufe ido ku saurari muryoyin. Nan ne ɗan Amurka ke jin abin da mu ba lallai mu ji ba. Simba, jarumin, fararen 'yan wasa biyu ne suka yi masa murya, Jonathan Taylor Thomas yana yaro, Matthew Broderick da ya girma, da Turancin Amurka na gidan talabijin. Mugun ƙanin, Jeremy Irons ne, da lafazin manyan Ingila. Shugabar kuraye, Shenzi, Whoopi Goldberg ce, tana magana irin ta baƙaƙen unguwannin birni. Na biyunta, Banzai, Cheech Marin ne, da karin harshen 'yan asalin Meziko. Na ukun, Ed, ko magana ba a ba shi ba, sai dariya da zubar da yawu. Sunan Shenzi ma da Swahili yana nufin bagidaje marar wayewa. Dole in faɗi gaskiya, Mufasa kansa baƙar fata ne ya yi masa murya, James Earl Jones, haka matarsa Sarabi, Madge Sinclair ce. Amma wane irin Turanci aka sa a bakinsu? Na fada, mai nauyi, goge tas. Harshen titi, wanda miliyoyin yara baƙaƙe da 'yan Meziko ke ji a bakin iyayensu kullum, shi aka ajiye wa masu zama a juji.

Wata masaniyar harshe, Rosina Lippi-Green, ta zauna ta ƙirga. A littafinta na 1997 ta bi taurari 371 a fina-finan katun 24 na Disney, tana duba yadda kowa ke magana da kuma halin da aka ba shi. Cikin masu Turancin Amurka, kusan kashi 20 cikin 100 ne miyagu. Cikin masu lafazin baƙi, adadin ya kai kusan kashi 40. Abin da ya fi girgiza ni a bincikenta shi ne wannan: duk wanda aka ba karin harshen baƙaƙen Amurka a fina-finan da ta duba, dabba ne. Babu mutum ko ɗaya.

Al'adar ta daɗe. A Fantasia na 1940 akwai wata halitta rabi mutum rabi doki, 'yar ƙarama baƙa, aikinta goge kofaton farare da gyara musu gashi. Tun 1969 aka yanke ta daga fim ɗin. A Dumbo na 1941 akwai hankaki masu waƙa da rawa irin yadda Turawa ke kwaikwayon baƙaƙe a dandali a da, shugabansu a rubuce sunansa Jim Crow, sunan dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka, kuma farar fata ne ya yi muryarsa. Masu kare fim ɗin sukan ce ai hankakin nan su ne masu kirki, su suka tausaya wa ɗan giwa suka koya masa tashi sama. Haka ne. Sai dai kirkin nasu na masu hidima ne. Suna gama taimakon jarumi, labari ya gama da su. A 1999 kuma aka yi Tarzan, labarin da ya faru a Afirka daga farko har ƙarshe, ba a ga ɗan Afirka ko ɗaya a ciki ba.

Aladdin na 1992 ya fi kusa da mu, domin garin da aka zana mai ƙubbobi da kasuwa da rawuna ne, kuma shekara guda ke nan da yaƙin Tekun Fasha. Duk mutanen garin Larabawa ne, amma ku dubi yadda aka raba fuskoki. Aladdin ba gemu, hanci ɗan daidai, murmushi fari, masu zanen sun ce har kamannin Tom Cruise suka duba, kuma yana magana kamar yaron Kalifoniya. Gimbiya Jasmine ma haka. Waziri Jafar kuwa an ja masa fuska, an lanƙwasa hanci, an murɗe gemu. Dogarai da 'yan kasuwa manyan hanci ne da takubba da lafazi mai kauri, har ɗaya ya zare wuƙa zai sare hannun gimbiya saboda ta miƙa wa yaro mayunwaci tuffa ɗaya. Ma'aunin a fili yake: gwargwadon kamarka da Balarabe, gwargwadon muguntarka. Waƙar buɗe fim ɗin ma da farko ta siffanta ƙasar da wurin da ake yanke wa mutum kunne don ba a son fuskarsa. Sai da ƙungiyar Larabawan Amurka mai yaƙi da wariya ta tashi tsaye aka canza wannan baiti a 1993, amma aka bar kalmar da ta kira wurin na dabbanci. Marigayi Jack Shaheen, wanda iyayensa 'yan asalin Labanan ne, ya bi fina-finan Amurka sama da 900 a littafinsa na 2001, ya nuna wannan Balaraben mai takobi da muzurai shi ake ta maimaitawa tun zamanin fim marar magana. Ɗanka mai suna Ja'afaru, wanda kakansa ke da gemu da rawani, yana kallo.

Ga kuma tabo. Sunan Scar kansa ma'anarsa tabo, kuma da tabon idonsa ake gane shi. Mugun kyaftin ɗin jirgin ruwa a Peter Pan hannunsa guntu ne da ƙugiya. Mummuna mugu, kyakkyawa nagari, an koya wa yara wannan har ya zama kamar karatun allo. A 2018 hukumar fina-finan Birtaniya ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta. Duk wanda ke da yaro mai tabon ƙuna, ko zabiya, ko gurgu a gidansa, ya san abin da ake kiran yaron nan da shi a makaranta.

An samu canji, ba zan hana su haƙƙinsu ba. A 2009, shekara 72 bayan fim ɗin Snow White, Disney ta yi gimbiya baƙar fata ta farko, Tiana, 'yar birnin New Orleans mai aiki tuƙuru tana tara kuɗin buɗe gidan abinci. Iyaye baƙaƙe suka kwashi 'ya'yansu mata zuwa silima cike da murna, sai ga shi mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. A 2019 jarumin da Will Smith ya yi wa murya a Spies in Disguise ya koma tantabara. A 2020 jarumi baƙi na farko na kamfanin Pixar, a fim ɗin Soul, ya rabu da jikinsa tun kusan farkon labari. An buɗe ƙofar fada, amma sai ka tuɓe fatarka a zaure. A 2020 ɗin dai kamfanin Disney ya liƙa gargaɗi a gaban tsofaffin fina-finai irin su Dumbo da Peter Pan, yana amsa cewa siffofin da ke ciki kuskure ne tun a lokacin. Gargaɗin da aka liƙa a lokacin a rubuce yake da Turanci, mai kallon kuma ɗan shekara biyar ne.

Na san wani yana jina yanzu yana cewa, malam, katun ne fa, wasan yara. Ni ma ban ce fim ɗaya zai lalata yaro ba. Amma a shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa yara baƙaƙe 'yan shekara 3 zuwa 7 'yan tsana, farare da baƙaƙe, suka tambaye su wacce ce mai kyau, wacce suke so su yi wasa da ita. Mafi yawa suka nuna farar. Har Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikinsu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. A lokacin, talabijin bai ma shiga yawancin gidaje ba, don haka ba katun ne ya jawo ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne tun kafin yaro ya iya karatu ya riga ya karanta matsayi, daga duk abin da ke kewaye da shi. Yau kuwa cikin abubuwan da ke kewaye da shi, waya ta fi kaka yawan magana da shi, kuma yaro ba ya kallon fim sau ɗaya. Sai ya kalla sau ashirin, har ya haddace.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma ba Disney ce ta koya mana raina kura ba. A tatsuniyoyinmu zaki ne manyan dawa, dila malamin daji, kura kuwa ga haɗama ga tsoro ga wauta. Kuma mu tambayi kanmu, mece ce ma'anar kalmar gwaranci? Sunan wata al'umma ne sukutum, Gwari, wato Gbagyi, masu ƙasa da harshe da tarihi, muka mayar da shi sunan maganar da ba ta fita. A wasannin barkwancinmu, da an so a yi dariya sai a shigo da baƙauye, ko Bafulatanin daji, ko wani mai karya Hausa, a sa shi ya yi shirme. Abin da aka yi wa Banzai ke nan, ba ragi.

Sai dai akwai abubuwan da gadonmu ya fi allon waya da su, kuma ina jin tsoron muna sakinsu. Wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari, hanya biyu ce: ka tsokane ni, in rama, mu yi dariya tare, gobe mu ci abinci a kwano ɗaya. Kurayen fim ba su da damar ramawa. Tatsuniya kuma ba ta zana fuska. Idan kaka ta ce wata yarinya ce kyakkyawa, kowace jika fuskarta take gani. Ga Gizo, ɗan ƙarami, mai tsamin baki, amma shi ke juya giwa da zaki, wato a tsakar gidanmu an san ƙarami mai gurɓatacciyar magana yana iya zama tsakiyar labari. Uwa-uba, ana iya katse kaka a ce, "Iya, me ya sa?" ta amsa.

Wannan tambaya ta "me ya sa" ita ce ƙashin bayan wani katun da 'yan uwanmu na Nijar suka fi mu sani, Kirikou, wanda ya fito a 1998. Bafaranshe ne ya yi shi, Michel Ocelot, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gini, Youssou N'Dour na Senegal ya yi kiɗan. Jarumin jariri ne ɗan mitsitsi a wani ƙauyen Afirka ta Yamma. Matsafiya Karaba ta addabi garin, idon ruwa ya ƙafe, maza sun ɓace. Kowa na tsoronta, kowa na tsine mata. Kirikou shi kaɗai ya dage yana tambayar manya dalilin da ya sa take mugunta, ana korarsa. Sai da ya kai ga kakansa a can bayan dutse ya ji amsa: wasu maza ne suka danne ta suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, inda hannunta ba ya kai, tana cikin azaba dare da rana. Yaron ya yi dabara ya cire ƙayar da haƙoransa. Fim ɗin bai ce abin da Karaba ta yi daidai ne ba. Ya dai ba ta abin da aka hana kuraye, wato dalili. A ganina a nan matsayi na gaskiya yake a cikin labari. Na sama shi ne wanda aka bari muka san abin da ke damunsa, ya yi kuskure ya tuba ya canza. Na ƙasa yadda ya shigo haka zai fita.

Yanzu alƙalamin zane ya fara zuwa hannunmu. Adamu Waziri ya ƙirƙiri Bino and Fino a Abuja, yara biyu 'yan Najeriya da iyayensu da kakanninsu. A 2023 Netflix ta fitar da Supa Team 4, 'yan mata huɗu jarumai a Lusaka, ƙirƙirar Malenga Mulendema 'yar Zambiya. A 2024 Disney da kanta ta haɗa kai da kamfanin Kugali suka yi Iwájú, labarin Legas ta nan gaba, inda 'yar masu kuɗi ta tsibiri da yaron da ke aiki a gidansu suke abota, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin. A Kano da sauran garuruwa kuma matasa sun ƙware wajen ɗora muryar Hausa a kan fina-finan waje, wasu sun fara zana nasu katun a kwamfuta.

To ku 'yan uwana masu wannan sana'a, da ku nake. Ranar da kuka zauna gaban makirufo za ku fassara fim irin na zakin nan, na san sarki zai sami Hausa mai daɗi, ta fada. Kura fa? Sakkwatanci za ku ba ta don a yi dariya? Hausar Bafulatani? Ta Bagwari, ko ta ɗan kudu mai shago a Sabon Gari? Duk wadda kuka zaɓa, akwai yaron da uwarsa haka take magana, kuma yana cikin masu kallo. Idan kun zo zana naku labarin, ku duba wa kuka ba fatar da ta fi duhu, wa kuka sa wa tsumma, wa kuka bari ba suna. Ku kuma iyaye, ba na ce a ƙwace waya ba. A zauna kusa ko sau ɗaya, a tsayar da fim a tsakiya, a tambayi yaro: kana ganin me ya sa kurayen nan suke fushi? Za ku sha mamakin amsar.

Ni na yi tambayar, amma ba ga 'ya'yan ƙanwata ba. Washegari da almajirin nan ya zo da safe, na kira shi gefe na ce, jiya da kai aka ba zaɓi, wa za ka zama? Ya yi shiru yana murza bakin robarsa. Sannan ya ce, "Baba, ni ko kurar ma ba komai. Amma in za a sake, a bari ta ci abinci ko sau ɗaya kafin a kore ta."